Kano Zuwa Jidda: Tafiyar Sa'a Huɗu Da Rabi Da Abin Da Take Ci Wa Manomi

Daga Wakilinmu

Duk shekara idan aka fara jigilar maniyyata aikin Hajji, manoman ƙasar Ungogo da Minjibir suna cikin waɗanda suke fara sani, domin kuwa ta bisa gonakinsu manyan jiragen suke ratsawa bayan sun tashi daga Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. Daga cikin waɗanda ke zaune a jiragen nan akwai 'yan'uwansu manoma na Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Tsanyawa, waɗanda da yawansu ba su taɓa shiga jirgin sama ba sai a wannan rana, sun kuma yi shekara da shekaru suna tara kuɗin kujera daga abin da gona da turke suka ba su. Tambayar da ya kamata a yi a madadinsu ita ce, mene ne ainihin nisan tafiyar nan, sa'a nawa take ci, kuma me ya sa tun daga shekarar 2023 sa'o'in da kuɗin suka ƙi tsayawa wuri ɗaya?

Bari mu fara da nisan. Idan mai karatu ya sami taswirar duniya irin mai siffar ƙwallo wadda ake koyarwa da ita a makarantu, ya ɗora bakin zare a kan Kano, ya ja shi sosai har Jidda, to, wannan zaren shi ne hanya mafi gajarta tsakanin biranen biyu, tsawonta kuwa kimanin kilomita 3,400 ne, watau mil 2,100 da 'yan kai. Zaren zai bi ta arewa maso gabashin Nijeriya, ya taɓa kusurwar Jamhuriyar Nijar ta wajen Diffa, ya ratsa ƙasar Cadi, ya shiga Sudan ta arewacin Darfur, ya ƙetare Kogin Nilu, sa'an nan ya tsallake Bahar Maliya. Wanda za a sauke a Madina, nisansa ya ƙaru zuwa wajen kilomita 3,550. Manyan jiragen fasinja na zamanin nan sukan yi tafiyar kilomita 850 zuwa 900 a sa'a guda idan sun daidaita a sama. In aka raba, aka kuma ƙara ɗan lokacin hawa da na sauka, za a sami sa'a huɗu da rabi, ko kusa da biyar. Don a kwatanta, daga Kano zuwa Legas ta sama kilomita 830 ne, tafiyar sa'a ɗaya da rabi. Daga Kano zuwa Landan kuwa wajen kilomita 4,450 ne. Ashe ke nan Jidda ta fi Landan kusa da mu da fiye da kilomita 1,000.

Akwai wani abu da yakan rikita alhazai, har a ji ana musu a kansa a majalisa bayan an dawo, watau maganar agogo. Ƙasar Sa'udiyya tana gabanmu da sa'a biyu. Jirgin da ya bar Kano da ƙarfe goma na dare zai sauka Jidda da ƙarfe biyu da rabi a agogon Kano, amma agogon bangon filin jirgin zai nuna huɗu da rabi na asuba. A dawowa sai abin ya juye: a tashi da goma, a sauka Kano da goma sha biyu da rabi. Shi ya sa wasu suke rantsuwa cewa dawowa ta fi zuwa sauri. Ɗan bambancin da ke akwai na gaskiya iska ce take kawo shi, domin a can sama, da damina iskar takan kaɗa daga gabas zuwa yamma ta tura jirgin da ya nufo gida, da hunturu kuwa a arewacin hanyar takan juya. Wannan bambanci na mintoci ne.

HANYAR KAKANNI

Layin nan ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Tun kafin a san jirgin sama, hanyar alhazai ta gabas ita ce a bar Kano a nufi Borno, a ƙetare zuwa ƙasar Wadai, a bi ta Abeshe da El-Jinaina da El-Fashir da El-Ubayyid, a tsallake Nilu, a gangara Sawakin a bakin Bahar Maliya a jira jirgin ruwa. Tafiya ce ta shekaru. Mutum yakan yada zango inda guzurinsa ya ƙare, ya yi noma ko ƙwadago har ya sami na gaba, kuma bayan da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a shekarar 1925, gonakin audugar Jazira suka zama wurin da dubban mutanenmu suka riƙa tsayawa neman kuɗin ci gaba ko na komowa. Da yawa ba su komo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda ya ɗauki sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da ya isa can da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, yana nan har yau, kuma ana jin Hausa da Fulatanci a cikinsa.

Abin sha'awa, jiragen sama na farko da suka zo Kano ta wannan hanya suka biyo, amma daga gabas. Jirage uku ne na sojan saman Ingila, a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarshen watan Oktoba na 1925, suka bi ta Hartum da El-Fashir da Njamena, wadda a lokacin ake kira Fort Lamy, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, bayan kwana shida a hanya. A shekarar 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano, a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu kuma dubban jiragen yaƙi suka bi ta Kano daga Takoradi zuwa Masar. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Muhammadu Nagoda da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar kai alhazai da manyan motoci ta Sudan, abin da ya mai da tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Lokacin da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi Hajjinsa na farko a 1955, jirgin sama ya riga ya fara karɓe aikin, ko da yake jiragen wancan zamani masu farfela sai sun yada zango a hanya sun sha mai. Da kuɗin man fetur suka shigo, aka kafa Hukumar Alhazai ta Nijeriya a 1975, kuma a 1977 alhazan ƙasar nan suka haura 100,000. Tun daga wannan zamani jama'a suka saba da cewa Jidda tafiyar rabin yini ce, har aka manta cewa sa'a huɗu da rabin nan aro ce daga zaman lafiyar ƙasashen da ake ratsawa.

ABIN DA YAƘIN SUDAN YA YI

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdulfatah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo. Filin jirgin saman Hartum kansa ya zama fagen fama tun ranar farko, aka ƙone jirage a ƙasa, aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Ɗalibanmu da ke karatu a can ba za su manta ba, domin sai ta kan iyakar Masar da Port Sudan aka kwaso su a makonnin da suka biyo baya. Saura mako shida ke nan a fara jigilar maniyyatan Nijeriya.

Mai karatu zai ce, to, ba sai a kauce kaɗan ba? Matsalar ita ce Sudan ƙasa ce mai faɗi ƙwarai, kuma ta tare hanyar baki ɗaya. Ta arewa akwai Libiya, wadda kamfanoni da yawa suke tsoron sararinta saboda rikicin da ta faɗa ciki tun 2011. Ta kudu akwai Sudan ta Kudu, amma a lokacin daga Hartum ake kula da zirga-zirgar jiragen da ke bi ta sashen sama na sararinta, saboda haka rufewar ta shafe ta ita ma. Abin da ya rage shi ne a gangara ta Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a zaga ta wajen Uganda da Kenya, a hau ta Habasha kafin a ga Bahar Maliya. Wannan zagaye ya haura kilomita 5,000, tafiyar kuwa ta kusan kai sa'a bakwai. Kamfanonin cikin gida suka yi jinkirin sa hannu a kan yarjejeniyar jigila da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, watau NAHCON, sai da aka amince da ƙarin dala 250 a kan kowace kujera.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan ƙari a matsayin haɗamar 'yan kasuwa. A ganinmu lissafin bai goyi bayan wannan zargi ba, kuma yana da kyau ma'aikaci da ɗalibi su san dalili. Jirgin alhazai jirgin shata ne. A lokacin tafiya yakan je Sa'udiyya cike ya dawo babu kowa, a lokacin dawowa kuma ya tafi babu kowa ya komo cike. Watau alhaji sau biyu yake zama a jirgi, amma sawu huɗu yake biya. Jirgi irin Boeing 747, mai ɗaukar alhazai wajen 500, yana shan mai kimanin tan 10 a kowace sa'a. Ƙarin sa'a biyu da rabi a kowane sawu ya zama tan 25, a sawu huɗu tan 100, in aka raba wa mutum 500 kowa ya tashi da kilo 200 na man jirgi. Ba a yi maganar kuɗin da kowace ƙasa take karɓa daga jirgin da ya ratsa sararinta ba, ga shi kuwa ƙasashen sun ƙaru.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a rasit. Jirgin da ke zuwa ya dawo cikin sa'a tara, in aka haɗa da lokacin shan mai da lodin kaya, yana iya kusan yin sawu biyu a kwana guda. In tafiyar ta zama sa'a goma sha huɗu zuwa da dawowa, sawu ɗaya ne a kwana, kuma dokar aikin jirage ba ta yarda matuƙa su wuce wasu ƙayyadaddun sa'o'i ba tare da hutu ba, sai an ƙaro wasu. Hukumomin Sa'udiyya kuwa suna rufe ƙofar saukar maniyyata kwanaki kaɗan kafin hawan Arfa, ba su ɗaga wa kowa. Ko wata huɗu ba a cika ba da fara yaƙin Sudan, sojojin da suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli suka rufe nasu sararin a farkon Agusta, jiragen da ke tsakanin Turai da ƙasashen kudu da Sahara suka yi makonni suna dogon zagaye. A ƙasa kuwa, garuruwan da kakanninmu suka yada zango su ne yaƙin ya fi ɗaiɗaitawa: El-Jinaina a 2023, El-Fashir kuma ta faɗa hannun RSF a watan Oktoba na 2025 bayan an daɗe da yi mata ƙawanya.

NISA KO CANJI?

Amma fa kada a ɗora wa Sudan abin da ba nata ba. Nisa yana da hannu a kuɗin kujera, shaida kuwa ita ce yadda NAHCON take raba ƙasar nan shiyya uku. A Hajjin 2025 maniyyatan Borno da Adamawa sun biya naira miliyan 8.3 da 'yan kai, sauran jihohin Arewa har da Kano miliyan 8.4 da 'yan kai, na Kudu kuwa kusan miliyan 8.8. Dalilin a fili yake: daga Maiduguri zuwa Jidda wajen kilomita 3,000 ne, daga Kano 3,400, daga Legas 4,200. Sai dai a lura, tazarar kilomita 1,200 tsakanin Maiduguri da Legas ba ta kai bambancin rabin miliyan ba a cikin kuɗin da ya haura miliyan takwas.

Yanzu a duba yadda kuɗin ya yi ta hawa. A 2023 kujera a Arewa ta tsaya a kusan naira miliyan 2.9. A 2024 aka fara da miliyan 4.7, sa'an nan a watan Maris aka nemi kowa ya kawo cikon miliyan 1.9, duk da tallafin naira biliyan 90 da Gwamnatin Tarayya ta bayar, har Nijeriya ta kasa cike gurabe 95,000 da aka ware mata. Dala 250 ɗin nan ta yaƙin Sudan, a canjin gwamnati na watan Mayun 2023, wajen naira 115,000 ce. Ko a canjin naira 1,500 ba ta wuce 375,000 ba. Ƙarin da aka samu tsakanin 2023 da 2025 kuwa ya haura miliyan biyar. Sauran daga ina? Daga faɗuwar darajar naira, wadda ta tashi daga wajen 460 a kan dala guda kafin a sake tsarin canji a watan Yuni na 2023, ta wuce 1,500 a farkon 2024. Kuɗin jirgi da masauki a Makka da Madina da tantin Mina da abinci da guzuri, duk da dala ko riyal ake biyansu.

A nan ne manomin arewacin Kano ya fi kowa jin jiki. Wannan yanki na kewayen birni yana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Afirka ta Yamma, kamar yadda binciken Michael Mortimore ya nuna tun shekarun 1960. Babu saura, babu daji, gona tana jikin gona, kowace shekara ana noma ta, kuma taki ne yake riƙe da ita. Kujerar Makka a irin wannan wuri daga buhunan gero da dawa da wake da gyaɗa take fitowa, da sa ko ragunan da aka turke, da ɗan abin da noman rani ya kawo a bakin madatsun Tomas da Watari. Manomi yakan kai kayansa Dawanau ko Badume a biya shi da naira, alhali kujerar da yake nema farashinta yana bin dala. A 2025 ma sai ga farashin hatsi ya sauko, takin zamani kuwa bai sauko ba. Abin tsoro shi ne mutum ya gaji da jira ya jinginar da gona ko ya sayar, a yankin da wanda ya rabu da gonarsa da wuya ya sake samun wata. Malamai sun sha faɗa cewa Hajji a kan mai iko yake, kuma barin iyali ba abin dogaro ba ya cikin iko.

KWANAKIN ƘASA

In aka tambayi tsofaffin alhazai, ba sa'o'in sama suke kuka da su ba. Daga Bichi zuwa Kano kilomita 40 ne, daga Ɗambatta hamsin da 'yan kai, tafiyar sa'a guda a mota. Amma sau da yawa maniyyaci yakan baro gida bisa kira, ya zo sansanin alhazai ya kwana biyu ko uku yana jiran jirgin da zai yi tafiyar sa'a huɗu da rabi, ga 'yan rakiya sun tare a waje, guzuri yana ƙarewa tun ba a tashi ba. A 2022, shekara guda kafin yaƙin Sudan, lokacin da hanya take buɗe sarai, ɗaruruwan maniyyatan Jihar Kano sun rasa aikin Hajji ɗungum saboda ba a kwashe su kafin a rufe ƙofa ba. Wannan ba laifin taswira ba ne.

Ga manomi kuwa kowane kwana yana da farashi, musamman a 'yan shekarun nan. An hau Arfa ranar 27 ga Yuni a 2023, ranar 15 ga Yuni a 2024, ranar 5 ga Yuni a 2025. Alhajin Nijeriya yakan yi wata guda ko fiye a ƙasa mai tsarki, wani lokaci har kwana 40. A arewacin Kano ruwan shuka yakan sauka ne daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni, damina kuma gajera ce. Ma'aikacin gwamnati hutu yake ɗauka, albashinsa yana tafiya. Mai gandu kuwa ya bar shuka da noman fari a hannun 'ya'ya da ƙanne ko 'yan ƙwadago, kuma jinkirin mako guda a Jidda ana jiran jirgin dawowa yana iya zama bambanci tsakanin gonar da aka nome a kan kari da wadda ciyawa ta cinye. Abin mamaki, ba mu taɓa jin an sa wannan a cikin lissafi ba idan ana tsara wace ƙaramar hukuma za ta fara tashi, wace kuma za ta fara dawowa.

Saboda haka akwai abubuwan da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano da NAHCON za su iya yi ba tare da jiran a sasanta Sudan ba. Ya kamata a riƙa buga kuɗin kujera dalla-dalla da Hausa, a liƙa a kowace cibiyar ƙaramar hukuma: nawa ne na jirgi, ta wace hanya aka yi lissafinsa, sa'a nawa ce. Idan an yi haka, duk ranar da jirage suka koma bin gajeriyar hanya, maniyyaci zai iya tambayar ina ƙarin da aka yi saboda zagaye, domin a ƙasar nan mun saba ganin kuɗin da aka ƙara saboda wani dalili ya zauna daram bayan dalilin ya gushe. Sa'an nan kada a kira mutum daga ƙauyensa sai jirgin da zai ɗauke shi ya tabbata. Yau kusan kowane gida akwai wayar hannu, Kunci ma ba ta fi tafiyar 'yan sa'o'i ba.

Akwai kuma shirin da ya kamata a fara tun yanzu. Shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kwana 11, saboda haka aikin Hajji yana ja baya: daga Mayu zai koma Afrilu wajen 2029 da 2030, ya shiga Maris, sa'an nan daga wajen 2035 ya faɗa Fabrairu da Janairu. Manomi zai sami sauƙi, tunda tafiyar za ta fita daga damina. Amma filin jirgin Kano zai koma yin jigila a tsakiyar hazo, lokacin da akan soke tashi da sauka saboda ba a ganin gaba. A irin wannan lokaci ne, ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin Boeing 707 na kamfanin Jodan da Nigeria Airways ya yi shatarsa, ɗauke da alhazai daga Jidda zuwa Legas, aka juyo da shi Kano saboda rashin kyawun yanayi, ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu daga cikin 202. Na'urorin da ke shiryar da jirgi ya sauka cikin hazo, da fitilun titin jirgi, da wutar da ba ta yankewa, da motocin kashe gobara, aiki ne na Gwamnatin Tarayya wanda ba a gama shi cikin shekara guda, kuma abin da ya rage kafin Hajji ya koma hunturu wajen shekara goma ne.